Zango da Wutar Aro: Daga Funtuwa Zuwa Malumfashi

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, kudancin Katsina ba ya barci da wuri. An karye masara, an girbe dawa, waken suya na masussuka, auduga ta fashe fari fat a gonakin da har yau ba a daina nomanta ba. Duk hanyar da ka ɗauka, ta Ɗandume ko ta Bakori, ta Ɗanja ko ta Ƙafur, buhuna ne a kan babur, a kan amalanke, a kan tirela. A wannan lokaci akwai ɗimbin mutanen da ba su da ɗakin kwana sai motarsu: direbobin manyan motoci da yaransu, masu injin casa da ke bin gonaki, masu sayen hatsi daga Kano da Ibadan da Legas, masu tallar magani da lasifika a kan rufin mota. Idan magariba ta yi, kowannensu abu uku yake nema: inda zai ajiye mota hankali kwance, ruwa, da inda zai jona wuta.

Biyun farko tsofaffin buƙatu ne. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba sa sauka inda suka ga dama. Madugu ya san zangon da ke gaba, ya san akwai rijiya, akwai ciyawar jakuna, akwai itacen girki, akwai kuma mai garin da za a gaisar a ba shi abin da ya samu. Ta ukun ce sabuwa, kuma ita ce har yanzu ba a yi mata tsari ba a ƙasarmu. Matafiyin yau yana iya haƙura da tuwo, amma ba ya iya haƙura da wayarsa a mace, domin a cikinta kuɗinsa suke, a cikinta farashin kasuwa yake, ta ita kuma iyalinsa ke sanin ya kwana lafiya.

Na bi wani Alhaji mai sayen hatsi a irin wannan tafiya. A Zariya suka ɗauke ni, shi da yaron motarsa, muka bi ta Samaru da Shika da Giwa. Motarsa tsohuwar Toyota Hiace ce, amma in ka leƙa ciki sai ka ce ɗakin gwauro ne mai tsari. An cire kujerun baya, kafinta ya buga katako mai faɗin katifa, a ƙarƙashinsa sikeli da buhunan samfur da 'yar na'urar gwada danshin hatsi. A gefe ga fanka, ga ƙwan fitila, ga wani ƙaramin firji. A bayan kujerar direba an ɗaure babban batir mai amfiya 200, tare da inbata wadda ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, kuma ita ce ke cika batirin idan an samu wutar jonawa. A jikin motar ta waje an huda an dasa soket mai marfi.

Na tambaye shi ko duk wannan don ruwan sanyi ne. Ya buɗe firjin ya nuna mini. Babu lemo ko ɗaya a ciki, sai 'yan kwalaben insulin, don yana da ciwon suga, kuma maganin sai an ajiye shi a sanyi, tsakanin digiri 2 da 8.

"Malam, kai idan an ɗauke wuta zafi kake ji," in ji shi. "Ni lissafin kwanan maganina nake yi."

Lissafin kuwa a fili yake. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da abin da ya kai yunit biyu da ɗan ɗoriya, kuma irin nasa mai ruwa, in kana son ya daɗe, rabi kawai za ka sha ka bar masa rabi. Wato dare ɗaya zai kai su lafiya, na biyu da ƙyar. Dole a nemi wutar wani.

Funtuwa

Funtuwa gari ne da hanya ta gina. Asalin sarautar a Maska take, shi ya sa har yau hakimin garin Sarkin Maska ne. Jirgin ƙasan da ya tashi daga Zariya ya bi ta nan zuwa Gusau, ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin Turawan Ingila na bunƙasa noman auduga, BCGA, wanda aka kafa a Mancesta a 1902, ya kafa injin gurzar auduga a garin, kuma unguwar da ke kewaye da shi har yau da sunansa ake kiranta. Bayan nan masaƙa ta zo, sannan a watan Mayun 2024 aka buɗe tashar kaya ta tsandauri. A nan hanyar Sakkwato ta haɗu da ta Katsina da ta Birnin Gwari, don haka da wuya ka ga daren da bakin titi ya rasa jerin tireloli, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu, mai shayi na ta fasa ƙwai.

Wutar garin ma matafiyiya ce. Daga babbar tashar Mando da ke Kaduna, inda layin Shiroro ke sauka, take biyowa ta Zariya a kan layi mai kilobolt 132, ta sauka a Funtuwa, wani kason ya wuce Gusau. Mai rarraba ta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO, tun da aka miƙa harkar ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, ko da yake a bakin jama'a har gobe NEPA ce ke kawowa, ita ce ke ɗaukewa. Tsawon wannan hanya shi ne rauninta. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke shigo da wuta Arewa suka lalace, yawancin jihohinmu sun fi mako guda a duhu.

Mun sauka a harabar wani sito na abokin cinikin Alhaji. Katanga ce doguwa, da ƙofar ƙarfe, da maigadi, ga kuma shagon mai walda a jikin bango. A wannan yanki yanzu ba mai kwana a bakin daji don sha'awa. Tun kafin sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 matafiya suka koyi shiga gari kafin duhu.

An yi sa'a akwai wuta. Yaron mota ya zaro wata siririyar waya a naɗe a kan gammonta na roba, zai cusa a soket ɗin ɗakin maigadi, sai mai sito ya ce a dakata a kira mai gyaran wutarsa. Wani matashi ya zo a kan babur, tasta maƙale a aljihun gaba, salatif a wuyan hannu kamar awarwaro. Kowa Injiniya yake ce masa. Bai taɓa komai ba sai da ya leƙa cikin motar.

"Ranka ya daɗe, me da me za ku kunna?"

Alhaji ya lissafa: firji, fanka, fitila, cajin wayoyi, cajin batir.

"Babu hita?"

Yaron mota ya sunkuyar da kai. Akwai, a cikin jakarsa take, irin wadda ake tsomawa a bokiti.

Injiniya ya tsuguna ya zana lissafin a ƙasa da bakin tasta. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Fulogi mai baki uku, irin wanda muka gada daga Ingila, fis ɗin cikinsa amfiya 13 yake ɗauka. In ka ninka 230 sau 13, wat dubu uku ke nan ba kaɗan. Fanka ba ta fi wat 60 ko 70 ba, ƙaramin firji bai cika kai 100 ba sai dai lokacin tashi yakan fizga, cajin batir wajen 300, wayoyi kuwa ba a sa su a lissafi. Duka a haɗe ba su kai 600 ba. Amma hita ita kaɗai tana cin 1,000 zuwa 2,000.

"Soket ɗin zai ɗauka," in ji shi, "wannan wayar ce ba za ta ɗauka ba. Waya kamar jaki ce, Alhaji. Kowace da iya kayanta. In ka labta mata fiye da ƙima ba za ta yi maka magana ba, zafi za ta yi ta yi har ta narke."

Ya yanke bakin wayar ya nuna mana. Robar ce mai kauri, ƙarfen cikin kuwa 'yan silili ne da ba su fi gashin masara ba, ga shi kuma guda biyu ne kawai, babu na uku. Ya aiki yaro ya ɗauko tasa, mai kaurin milimita biyu da rabi, mai jijiya uku. Ya sa aka warware ta gaba ɗaya, har ragowar da ba a buƙata aka shimfiɗa ta a ƙasa a karkace. Dalili, wayar da ke naɗe a kan gammo ba ta samun iskar da za ta huce, zafin kowane zagaye yana taruwa a kan na kusa da shi. Inda za ta ratsa hanyar mota kuma ya sa aka ɗora katakai biyu a gefenta don kada taya ta murƙushe ta.

Sannan ya auna ƙarfin wutar. Duk sanda mai walda ya ɗana sandarsa, sai lambar ta faɗo ƙasa da 200, ƙwan fitilar maigadi ya yi ja. Ya ce a bar firji a kan batir har mai walda ya tashi, domin wuta mara ƙarfi ta fi rashin wuta illa ga injin firji: zai yi ta yunƙurin tashi yana kasawa, yana zafi, har ya ƙone. Yaron mota ya nuna falwayar da ke bayan katanga ya ce ai da an maƙala can an huta. Injiniya ya dube shi sama da ƙasa.

"Can babu mita, babu fis, babu mai kashewa in ta kama ka. Kuma sata ce, doka ta tanadi ɗauri a kanta. Wanne kake so a ciki?"

Maganar kuɗi ita ta fi ɗaukar lokaci. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin A a Afrilun 2024, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, masu mita mai kati suka fara kallon lambar mita yadda suke kallon awon gida, ko da ba a rukunin suke ba. Duk da haka mai sito ya rantse ba zai karɓi kuɗin wuta daga baƙo ba. Alhaji bai ja da shi ba. Ya haska lambar mitar da fitilar wayarsa, ya saya mata yunit ta banki, ya miƙa wa maigadi lambobin ya danna. Da safe aka duba, abin da muka sha bai kai yunit uku ba, wanda ya saya kuwa ya ninka haka. Kowa ya fita kunyar kowa.

Yadda wasu suka tsara nasu

A Turai irin motar Alhaji kamfani ke ƙera ta, da gado da murhu da makewayi, kuma yawo da ita ya daɗe da zama al'ada. Ƙungiyar masu irin waɗannan gidajen tafi-da-gidanka a Ingila tun 1907 aka kafa ta, lokacin dawaki ne ke jan su. Wasunsu ma sun taɓa zama baƙinmu. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai kan ƙetaro Sahara ta Tamanraset da Agadas da Damagaram, su yada zango a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai a Kano.

A wuraren da suke sauka a can, kusa da kowane filin ajiye mota akwai ɗan gajeren turke mai soket. Soket ɗin shuɗi ne, zagayayye, mai baki uku da marfin da ke hana ruwa shiga, kuma galibi iri ɗaya ne daga wannan ƙasa zuwa waccan. Kowane soket da tasa bireka, wadda ke yanke wuta in kaya sun yi nauyi. Wani wurin amfiya 16 ake bayarwa, wato wat 3,680, wani wurin 10, a wasu sassan Faransa da Italiya kuma 6 kacal, wat 1,380. Wanda ya kunna butar lantarki da na'urar ɗumama ɗaki lokaci guda a kan amfiya 6, wutarsa kaɗai za ta yanke, maƙwabcinsa bai ma san an yi ba. Wayar da suke ɗauka yawanci mita 25 ce, mai launin lemo don a gan ta a cikin ciyawa, kaurinta daidai da na wadda Injiniya ya kawo mana. A Amurka wutar bolt 120 ce, turakun nasu na amfiya 30 ne ko 50.

Sun kuma yi wa jonawar jeri: a fara cusa waya a jikin mota, sannan a kai ɗaya bakin ga turke, sannan a kunna. Wajen tashi a juya jerin. Hikimar ita ce kada mutum ya taɓa yawo da bakin waya mai wuta a hannunsa. Injiniyanmu bai taɓa zuwa Turai ba, amma haka ya sa yaron mota ya yi, har sau biyu don ya riƙe. Ilimin yana nan a hannun matasanmu. Turken ne babu.

Bakori da Ɗanja

Daga Funtuwa zuwa Bakori ba nisa, kafin shayin safe ya sauka ka isa. Mun yini ana awo ana ɗinke buhuna, muka gangara Ɗanja, ƙasar tumatir da rake, inda kwanduna ke jere a bakin hanya suna jiran motocin Kudu. A ƙauyen da dare ya same mu akwai falwayoyi da wayoyi, amma mutanen sun ce sun kwana biyu ba su ga wuta ba.

A irin nan mai caji ne sarki. Shagonsa rumfar kwano ce, an jera katakai hawa-hawa, kowane da soket sun fi ashirin, wayoyi kwance a kai kowace da lamba a manne, mai ita na riƙe da 'yar'uwar lambar. Da can janareta ke riƙe da shagon. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai ya sayi faifan sola ya ɗora a rufi, janaretan ya koma na ko-ta-kwana. Ya tuna mana da watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta sa aka rufe layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi, ta kuma hana sana'ar cajin waya a da yawa daga cikinsu don toshe wa 'yan bindiga hanya. Ya ce a lokacin ne ya gane rumfarsa ba ƙaramin abu ba ce, tunda har gwamnati ta san da zamanta.

Solarsa ba za ta iya cika batirin Alhaji da dare ba, sai aka tayar da ƙaramin janaretan, irin wanda ba ya kai wat dubu. Ya ɗauki cajin batir da fanka lafiya lau. Yaron mota, saboda tsoron ɓarayi, ya so a sa shi dab da ƙofar motar. Mai caji ya hana. Ya ja shi can nesa, ya juya bakin salansar ta kalli fili, ya ɗaure shi da sarƙa a jikin turken rumfa. Hayaƙin janareta na ɗauke da wata iska mara launi mara wari, wadda ke sa mai barci ya zarce bai farka ba, kuma ba shekarar da jaridunmu ba sa kawo labarin iyalin da ta kashe a ɗaki. Cikin mota kuwa ya fi kowane ɗaki ƙunci.

Ya ƙara mana da wani gargaɗin da ya shafi masu gida. Wasu kan yi waya mai fulogi a baki biyu, su cusa ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango don gida duka ya samu. In ba a raba gidan da layin waje ba, wutar na komawa kan falwaya, ta iya kama ma'aikacin da ya hau gyara yana ganin layi a mace yake. In kuma aka kawo wuta ana cikin haka, janaretan ne zai tafi. Maganin abin canjoba ce, wato makunnin da ke raba gidan da layin waje, kuma kuɗinta bai kai na buhun masara ba.

Malumfashi

Mun shiga Malumfashi da la'asar. Garin Galadiman Katsina ne, sarautar da marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir ya riƙe har rasuwarsa a 2019. Shi ma garin auduga ne, da nasa injin gurza tun zamanin Turawa. Mai masaukinmu dattijo ne, abokin mahaifin Alhaji, don haka Baba muke ce masa. Da ya ga motar sai ya yi dariya, ya ce ai shi tun yana yaro ya san mota mai wuta. Majigi yake nufi, motar da hukuma ke aikowa ƙauyuka da injin wutarta da farin ƙyallenta, a kafa a ƙofar fada bayan isha'i a nuna wa manoma yadda ake shuka auduga a layi. A nan ya ga Baban Larai, fim ɗin da aka ɗauka a Daudawa ta ƙasar Faskari. Ya ce kafin gidansu ya san ƙwan lantarki da shekaru, a jikin wannan motar ya fara ganinsa.

Gidan Baba tsohon gini ne, wayoyinsa ma tsofaffi. Daga soket ɗin zaure aka ja wuta zuwa ƙofar gida inda motar take. An kwana lafiya. Da asuba yaron mota ya yi alwala a bakin kwata, ya taho ƙafa a jiƙe ba takalmi, ya kama hannun ƙofar motar zai ɗauko hularsa. Sai muka ji salati da ƙara. Ya yi tsalle ya koma gefe yana yarfa hannu, idanu a waje. Allah ya taƙaita, fizga ce kawai ta yi masa ta sake shi. Alhaji ya ruga zaure ya zare fulogin.

Bayan an idar da salla Baba ya aika aka taso mai gyaran wutar unguwa, wani magidanci mai furfura a gemu. Ya bi wayar cikin motar da yatsa har ya kai inda ta ratsa ramin da aka huda a jikin ƙarfe. Girgizar hanya ta sa bakin ramin ya ci robar, jan ƙarfen ya fito yana taɓa jikin motar. Ya kwance soket ɗin zauren kuma ya nuna mana: waya biyu ce a ciki, ramin na uku, na sama, ba a haɗa shi da komai ba.

Bayaninsa gajere ne. Mota a kan taya take, taya kuwa roba ce, don haka wutar da ta zubo a jikinta ba ta da hanyar sauka ƙasa. Za ta zauna a nan, ba ƙara ba hayaƙi, fanka na juyawa, firji na aiki, har sai wanda ƙafarsa ke ƙasa ya taɓa ƙarfen, shi ya zama hanyar. Wanda ke kwance a ciki ba zai ji komai ba. Mai shiga da mai fita ne ke cikin haɗari, kuma jiƙaƙƙen jiki ya fi busasshe saurin ba ta hanya. Aikin waya ta uku shi ne ta riga mutum, ta kwashe wutar ta kai ƙasa da ƙarfin da zai sa fis ya tsinke.

"To mu da muke alwala sau biyar a rana," in ji Baba, "ai mun fi kowa buƙatarta."

Mai gyaran ya yi abu uku. Ya sake wayar, ya sa mata zoben roba a bakin ramin. Ya kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla a wuri mai danshi kusa da zaure, ya haɗa ta da ramin soket na uku, ya kuma ɗaure waya ta uku a jikin ƙarfen motar. Sannan ya aika kasuwa aka sayo wata bireka ta daban, mai ɗan maɓalli a fuskarta, ya dasa ta a inda wuta ke shiga motar. Ita wannan ba nauyin kaya take aunawa ba. Tana kwatanta wutar da ta shiga da wadda ta dawo, in ta ga an samu giɓin da ya kai miliamfiya 30, ta san wuta ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Ita ce ke cikin kowane turken Turai da na ambata. Ya danna maɓallin, ta yi ƙas, komai ya mutu. Ya ce kowane zango aka sauka a danna shi kafin a kwanta.

Ya kuma koya wa yaron mota gwada soket da tasta, domin a gidaje da yawa an juya wayoyin, mai wuta ta koma gurbin mara wuta. Kaya za su yi aiki, amma in ka kashe makunni ka yanke wadda ba ta da laifi ne, na'urar na nan da wuta a cikinta. Matafiyan Ingila da ke shiga Faransa ma da abin gwajin wannan suke tafiya.

A duk inda muka sauka ba wanda ya hana mu wuta. Mai sito, mai caji, Baba, kowa ya bayar da zuciya ɗaya, wasu ma sun ji haushin a yi musu maganar kuɗi. Sai dai karamcin mai gida iyakarsa soket. Ba shi zai nuna maka kaurin waya ba, ba shi zai yanke wuta in ta kama yaro ba. Waɗannan sai tsari, kuma tsarin ba gagarumi ba ne: turke, mita, bireka biyu, sandar ƙasa, da soket mai marfi.

Kafin mu kama hanyar Dayi da Gwarzo zuwa Kano, mun tsaya a tasha Alhaji zai sallami motar da za ta bi mu da kaya. Ya kawo wa wani dattijo cikin shugabannin direbobi wannan magana. Ya ce a kafa irin turakun nan goma a gefen tasha, a ɗora sola a rufin rumfa ta riƙe su in an ɗauke wuta, kowace mota ta biya abin da mitarta ta nuna, yadda ake biyan kuɗin kwana da na wanka. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya gyara hula.

"Alhaji, maganarka dutse. Amma wa zai tsare wayar? Kwana biyu za ta yi a kwance ta a kai wa 'yan gwangwan."

"Wa ke tsare tirela mai buhu ɗari shida?" in ji Alhaji.

"Maigadi."

"To a ƙara masa albashi."